Mutumin da Ya Saki Agwaginsa a Tafkin Gari

Akwai wani mutum, manomi, wanda gidansa yake a gefen gari, ba nisa da wani babban tafki. Tafkin nan na dukan gari ne. Ta gabas mata suke ɗiban ruwan sha, ta yamma makiyaya suke shayar da shanu, masunta kuma suna jefa komarsu a tsakiya. Ba wanda ya haƙa shi, ba kuwa wanda aka ɗora wa tsaronsa.

Wata rana wani abokin mutumin ya ba shi ƙwan agwagwa kyauta. Ya kawo gida, ya sa wa wata kazarsa mai kwanci, ita kuwa ta kwanta a kai har ta ƙyanƙyashe. Da mutumin ya ga 'yan agwagin suna tangaɗi a tsakar gida, sai ƙaunarsu ta shiga zuciyarsa. Da hannunsa yake ba su tsaki. In sanyin safiya ya yi yawa, yakan sa mafi ƙanƙantarsu a aljihun rigarsa har rana ta fito. Ya haƙa musu ɗan rami a bayan rumbu, ya daɓe shi, kowace safiya kuma yakan jawo ruwa daga rijiya ya cika musu, su yi ta wanka yana kallo.

Ba don sayarwa yake kiwonsu ba, ba kuwa don yanka ba. Ƙauna ce kawai. Da yamma yakan ɗauki ƙwaryar dusa, ya ƙwanƙwasa ta da yatsa, ya yi wani irin fito nasa. Duk inda suke sai su taho a guje, wuya a miƙe, su kewaye ƙafafunsa. In wani ya kwaikwayi fiton nan, ko waiwayawa ba sa yi. Maƙwabta suna yi masa dariya, suna cewa ya sami 'ya'ya masu fukafukai, shi kuwa daɗin maganar yake ji.

Agwagin suka girma, suka hayayyafa, har ramin bayan rumbu ya yi musu kaɗan. Ruwan da yake jawowa da safe, kafin rana ta yi tsaka ya zama laka. Tsakar gida ta cika da ƙazanta, igiyar guga kuma ta sa hannunsa ya yi kanta. Wata safiya yana tsaye a bakin rijiya, bayansa yana ciwo, sai ya ɗaga ido ya hangi tafki yana ƙyalli. Ya ce a ransa, “Ga ruwa Allah ya shimfiɗa wa kowa, ni kuwa ina nan ina kashe kaina da guga. Ashe, ba ni da rabo a tafkin nan kamar sauran mutane?”

Da ya faɗa wa matarsa, sai ta ajiye muciyar da take hannunta, ta ce, “Maigida, ni ma ƙazantar nan ta ishe ni. Amma ruwan can na gari ne, mai shiga na shiga, mai fita na fita. Wa zai duba maka su?”

Ya yi dariya ya ce, “Wa ya taɓa koya wa agwagwa iyo? Sun fi ni sanin ruwa.”

Ta ce, “Ruwa sun sani. Abin da yake cikin ruwa fa?”

Ya ɗauki gugansa ya fita. Kashegari ya buɗe ƙofa, ya kora su zuwa tafki.

Da farko yakan raka su, ya zauna a inuwar wata tsamiya yana kallonsu suna nitso a cikin bado da kainuwa. In rana ta yi sanyi ya yi fito, su fito su bi shi gida. Bayan 'yan kwanaki ya ga ba amfanin zaman, sai ya riƙa buɗe musu ƙofa da safe su tafi su kaɗai, da yamma ya je ya kira su. Da damina ta kankama, noma ya yi yawa, wata rana ya dawo daga gona a gajiye, ya kishingiɗa a kan tabarma, bai je ba. Can sai ga su sun shigo da kansu, a jere. Ya dubi matarsa ya ce, “Kin gani? Sun san gidansu.”

Tun daga ranar bai ƙara zuwa kiransu ba.

Suka fara dawowa a makare. Daga nan waɗansu su dawo, waɗansu su kwana can. A tsakiyar tafkin akwai wani ɗan tudu mai dogayen ciyayi, a nan matan agwagin suka fara saka ƙwai suna kwanci. Aka ƙyanƙyashe 'ya'yan da ba su taɓa taka tsakar gidan mutumin ba. A ƙarshe dai akurkin da suke kwana ya zama kango, gizo-gizo ya yi saƙa a bakinsa. Matarsa takan ce, “Maigida, yaushe rabonka da su?” Shi kuwa sai ya ce, “Ai jiya na hango su. Sun yi ƙiba, sun fi yadda suke a gida.” In yana wucewa da baƙo ta bakin tafki, yakan nuna su da hannu cikin alfahari ya ce, “Duk waɗancan nawa ne.”

A jikin dangarsa akwai gidan wata tsohuwa, gwauruwa, wadda take riƙe da jikokinta marayu. Ba ta da gona, ba ta da ƙarfin noma. Kaji ne dukiyarta. Da ƙwansu take samun hatsi da gishiri, in ciwo ya zo ta kama zakara ta kai kasuwa. Wata rana ta dawo daga tafki da tulu a ka, ta tsaya a ƙofar mutumin, suka gaisa. Sa'an nan ta ce, “Ɗana, agwaginka sun dama mana wurin ɗiban ruwa. Sai mun kutsa har gwiwa kafin mu sami mai kyau, ni kuwa ƙafafuna ba su da wannan ƙarfi.”

Ya ce, “Iya, ki yi haƙuri. Ai tafkin na kowa ne, shanu ma suna shiga.”

Ta ce, “Shanu da mai su suke zuwa, da mai su suke komawa.”

Kunya ta kama shi, ya ce, “Gaskiyarki, Iya. Gobe zan dawo da su.” Da gaske kuwa ya faɗa. Amma da gari ya waye akwai aikin gona, jibi akwai zaman makoki a wani ƙauye, gata kuma ya manta.

Bayan girbi sai ga agwagin daji sun zo daga wata ƙasa mai nisa, garke guda, suka sauka a tafkin. Ba su da ubangida, ba su da wurin kwana sai inda dare ya same su. Agwagin mutumin suka shiga cikinsu, suna kiwo tare, suna kwana tare. Ba a daɗe ba masunta suka fara ganin mushen tsuntsaye yana yawo a gefen ruwa. Mutumin ya ji labari, ya ce, “Na daji ne suke mutuwa. Nawa lafiyayyu ne.”

Ana nan, wata safiya, sai ga waɗansu daga cikin tsofaffin agwaginsa sun shigo gida, bayan an daɗe ba a gan su ba. Murna ta kama shi, ya watsa musu dawa. Suka ci kaɗan, suka bi ta wata kafa a jikin danga suka shiga gidan gwauruwar, suka tsoma bakinsu a kaskon da kajinta suke sha, sa'an nan suka koma tafki.

Kafin mako ya kewayo kajin tsohuwar suka fara gyangyaɗi. Fukafukansu suka zube, wuyansu ya murɗe, suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Ta jiƙa musu saiwoyi, ta ba su barkono da toka, duk a banza. Da safe jikokinta su kwashe mushe a kwando su kai bayan gari, da yamma su sāke kwashewa, har ba ko ɗan tsako da ya ragu. Daga gidanta cutar ta haura gida gida. Kazar da ta ƙyanƙyashe agwagin ma, a gindin rumbu aka tsince ta a sanƙare. Garin ya yi tsit, asuba ta riƙa yi ba carar zakara.

Dagaci ya tara dattawa a ƙofar gidansa, aka kira mutumin. Dagaci ya ce masa, “Agwagin da suke tafki, na wa ne?”

Mutumin ya durƙusa ya ce, “Ranka ya daɗe, nawa ne.”

Dagaci ya ce, “Dattawa sun yanke shawara. Duk tsuntsun da yake kan ruwan nan za a kama shi a ƙone, kada cutar ta kai ga ƙauyukan da suke kewaye da mu. Ba kuma mai ƙara ɗiban ruwan sha a can sai damina ta wanke shi. Amma mun san yadda kake ƙaunarsu. Mun ba ka daga yau zuwa ranar kasuwa. Ka kira su, ka kai su bukkar gonarka nesa da gari, ka kulle. Wanda ya rayu naka ne. Wanda muka tarar a kan ruwa bayan kasuwa ta watse, ba naka ba ne kuma.”

Mutumin ya yi godiya, ya tashi da sauri. Ya ce a ransa, “Abu mai sauƙi. Fito ɗaya zan yi.” Ya nemo tsohuwar ƙwaryar, ya kakkaɓe ƙurarta, ya cika ta da dusa, ya tafi bakin tafki. Ya ƙwanƙwasa, ya yi fito.

Waɗanda aka ƙyanƙyashe a kan tudu ko motsi ba su yi ba, gama ba su taɓa jin wannan sauti ba. Tsofaffin suka ɗaga kai, suka dube shi ɗan lokaci kamar masu ƙoƙarin tuna wani abu, sa'an nan suka mai da kansu cikin ruwa suka ci gaba da kiwo.

Ya sāke yin fito, ya yi ta yi har leɓunansa suka bushe. Ya watsa dusar a kan ruwa, kifaye suka cinye. Kashegari ya ari kwalekwale ya nufi tudun. Da agwagin daji suka gan shi suka watse, nasa kuma suka bi su, suna guje masa kamar yadda suke guje wa maharbi. Ya sauka daga kwalekwalen ya bi su cikin laka har ƙirji, matsattsaku suka manne masa a ƙafafu. Mutane suka taru a gaɓa suna kallo, ba mai dariya. Matarsa ta tsaya a cikinsu tana kiransa, “Maigida, fito haka nan, kada ruwa ya ci ka.” Haka ya yi ta fama kowace rana, tun hantsi har faɗuwar rana, har muryarsa ta dushe. Ko ɗaya bai kama ba.

Ranar kasuwa ta zo ta wuce. Da gari ya waye masunta suka shiga da taru, maharba suka kewaye tafkin. Da ƙarar bindiga ta farko, agwagin daji, su da suka kawo cutar, suka tashi sama gaba ɗaya, suka yi kewaye ɗaya, suka nufi inda suka fito. Agwagin mutumin suka buɗe fukafukai za su bi su, amma jikinsu na gida ne, ya yi nauyi. Suka ɗan tashi suka faɗo, suka sāke tashi suka faɗo, taru ya rufe su duka.

An riga an haƙa rami a bayan gari, an cika shi da itace. Dagaci ya ce, “Mai su shi zai sa su.” Aka riƙa yankawa ana miƙa masa, yana jefawa. Cikin na ƙarshe akwai wani tsohon toro, shi ne ɗan ƙaramin nan da ya sha kwana a aljihunsa. Mutumin ya karɓe shi da rai, ya rungume shi a ƙirji, ya yi masa fito a hankali da ragowar muryarsa. Toron ya yi huci, ya kafta masa cizo a hannu, ya yaga shi da farce yana neman kuɓucewa. Mutumin ya miƙa shi ga mai wuƙa, ya juya fuskarsa. Aka cinna wuta, ƙaurin gashi ya rufe garin har yamma.

Dukan ranin nan matan gari a wata rijiya mai nisa suka yi ta ɗiban ruwa. Gwauruwar kuwa ta kāsa ciyar da jikokinta, dangi suka zo suka rarraba su, wannan ya ɗauki ɗaya, wancan ya ɗauki ɗaya. Ita ma ta ɗaure 'yan tsummokinta za ta koma wurin wani ƙanenta a wani gari. Mutumin ya tare ta a hanya, ya durƙusa, ya roƙi gafara. Tsohuwar ta dube shi ta ce, “Tashi, ɗana. Na yafe maka. Amma yaran nan a ɗaki ɗaya suke kwana tun ranar da uwarsu ta rasu.” Ta gyara ƙunshinta a ka, ta wuce.

To, 'yan'uwa, ma'anar wannan misali ita ce:

Mutumin nan shi ne duk wanda Allah ya danƙa wa rai a hannu. Uba ne, uwa ce, kakar da take riƙon jika ce, dattijon ikkilisiya ne, malamin da yake tsayawa a gaban yara ran Lahadi ne. Agwagin kuwa 'ya'yanmu ne. Ku lura, mutumin bai ƙi su ba. Da a ce mugu ne, da kowannenmu ya sami sauƙi ya ce, ai ba da ni ake ba. Yana ƙaunarsu ƙwarai. Gajiya ce kawai ya yi, gajiyar kuwa ta gaskiya ce, gama renon rai aikin kullum ne, kamar jan ruwa daga rijiya.

Tafkin shi ne duniyar da take buɗe ga kowa: bakin titi, tasha, dandalin da samari suke taruwa, da wayar nan da muke saya wa yaro mu miƙa masa don ya bar mu mu huta. Allah ne ya yi tafki, ba mugun abu ba ne, ba kuwa wanda zai iya kulle ɗansa a ɗaki har abada. Lokacin da mutumin yake zaune a gindin tsamiya idonsa a kansu, ba abin da ya same su. Amma wurin da yake na kowa, ba mai tsaronsa. Kada ka ce malamin makaranta zai duba maka, ko fasto, ko maƙwabci. Kowa yana tsammani wani ne yake dubawa, alhali ba kowa.

Ku tambayi kanku, a wace rana ce mutumin ya rasa agwaginsa? Ba ranar wuta ba ce. Tun yammacin nan ne da ya kishingiɗa bai je kira ba, suka dawo da kansu, ya ce sun san gidansu. Fiton yamma shi ne zaman da uba yake yi da 'ya'yansa, ya tambaye su, ina kuka je yau, da wa kuka yini, me ya dame ku. Shi ne addu'ar da ake yi tare kafin a kwanta, da Maganar Allah da ake karantawa a tsakar gida ko da an gaji. Ƙaramin abu ne a ido. Ka bar shi yau, ba abin da zai faru. Ka bar shi gobe, ba abin da zai faru. Wannan shi ne haɗarinsa. Kunne yakan manta da muryar da ya daina ji, ƙananan da suka taso bayan an daina kira kuwa ba su da ma abin da za su manta.

Na taɓa tsayawa a bakin kabarin wani saurayi da aka kashe a faɗan da ba nasa ba. Mahaifinsa, mutumin kirki, wanda ba ya fashin sujada, ya riƙe hannuna ya ce, “Fasto, ban ma san inda yake kwana ba.” Abokan da suka ja yaron zuwa wurin, ko ɗaya bai zo jana'iza ba. Su ne agwagin daji. Sun saba da gudu, sun san hanyar tsira. Ran da taru ya sauka, ɗan gida ne ake kamawa. Ku matasa da kuke saurarona, ku riƙe wannan. Wanda yake ce maka iyayenka sun tsufa, ba su waye ba, ba zai tsaya tare da kai a gaban alƙali ba, ba zai zauna a gefen gadonka a asibiti ba.

Kada kuma mu manta da gwauruwar. Ba ta saki kome a tafki ba, amma gidanta ne ya fara mutuwa. Ɗan da ka saki, ba kai kaɗai zai sa kuka ba. Zai shiga gonar wani, zai lalata 'yar wani, zai koya wa ɗan maƙwabcinka abin da ya koyo. Mai ƙaramin ƙarfi ne kullum yake fara biya. Allah kuwa yana jin kukan irin waɗannan, zai kuma tambaye mu, “Na wa ne?” A ranar nan ba za a ce na titi ne ba, ko na zamani. Wanda ya nuna su da hannu ya ce nawa ne, shi zai amsa. Tsohuwar ta yafe, Ubangiji ma yana gafarta wa duk mai tuba na gaskiya. Amma gafara ba ta mai da jikokin nan ɗaki ɗaya ba.

Abu guda ne ya bambanta mu da mutumin nan. Shi kasuwarsa ta riga ta watse, tamu kuwa da sauran rana, saboda jinƙan Almasihu wanda har yanzu yake kiran ɓatattu, bai gaji ba. Sai dai ba wanda aka faɗa wa yawan kwanakin da suka rage masa. Saboda haka kada ka ce gobe. In ka koma gida yau, kafin a sauke tukunya, ka tsaya a tsakar gidanka ka kira 'ya'yanka da sunayensu, ɗaya ɗaya. Wanda ya amsa, ka zaunar da shi kusa da kai, ka gode wa Allah. Wanda bai amsa ba, kada ka zauna cin tuwo. Sa takalminka, ka fita nemansa, tun yana iya ɗaga kai in ya ji muryarka.